Maruƙana sun koma tsotsar ƙarfe, a ina na yi kuskure?

Alhaji Mai Gona (Kura): Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya sani ya faɗa min gaskiya ko da ɗaci. Shekarata biyu da fara kiwon shanun madara, ruwa-biyu ne, Firizan da Bunaji. Bana guda 7 suka haihu tsakanin Yuli da Satumba. Na daɗe ina kallon bidiyon gonakin Turawa, kowane maraƙi da ɗan ɗakinsa tsaf, sai abin ya burge ni. Na kira magini da mai walda aka yi min ɗakuna 7, daɓen siminti, rufin kwano, ƙofar ƙarfe, bangon bulo tsakanin kowanne don kada su shafa wa juna cuta. Ana haihuwa nake raba su da uwa. Madara lita 2 da safe, lita 2 da yamma, a bokiti. To biyu sun mutu da zawo kafin su cika sati uku. Sauran biyar kuka dare da rana, suna lasar bango, suna tsotsar ƙarfen ƙofa, akwai ɗaya da ke ta murɗa harshe a iska kamar mai taɓin hankali. Babbar cikinsu da na sake ta cikin tsakar gona, lungu ta samu ta maƙale, kusan kwana biyu ba ta kusanci kwamin dusa ba. Abin da ya fi ba ni haushi, yaron da ke min kiwo yana da nasa maruƙan guda uku a bayan katanga, a dangwali, ko rumfar kirki babu, amma sun fi nawa kuzari. Ina kuɗina ya tafi?

Ɗan Ardo: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri Alhaji. Amma ka yi haƙuri, gidan yari ka gina. Ko ɗan mutum ka ɗauke daga uwarsa ranar haihuwa ka kulle shi shi kaɗai, ai yatsa zai kama tsotsa. Mu tun kaka da kakanni a jere muke ɗaure su a igiya ɗaya, kowa na jin ɗumin na kusa da shi, safe da yamma kuma yana ganin uwarsa. Yaron naka bai je makaranta ba, amma shanu sun karantar da shi.

Baban Khalifa: Ɗan Ardo ka fara ke nan 😂

Dakta Samaru: Alhaji, sannu da asara. Kafin mu shiga maganar ɗaki, ina da tambayoyi huɗu. Dakashi, wato nonon farko bayan haihuwa, nawa suka sha, kuma awa nawa bayan haihuwa? An sa musu aidin a cibiya? Me suke kwanciya a kai? Akwai ruwan sha a gabansu?

Alhaji Mai Gona (Kura): Dakta, na tambayi yaron yanzu. Ya ce dakashin ya yi kauri, yana tsoron ya tsinka musu ciki, don haka kamar rabin lita yake ba su, sauran ya zubar. Waɗanda aka haifa da dare kuwa sai da gari ya waye. Cibiya ba a sa komai ba. Shimfiɗa babu, simintin ne, kullum da safe muna wanke shi da ruwa. Ruwan sha ban sa ba, na ɗauka madarar ta isa.

Dakta Samaru: To Alhaji, waɗannan biyun da suka mutu, tun ranar farko aka fara rasa su, ba sai sati na uku ba. Maraƙi ba kamar jaririn mutum ba ne. Jariri yana samun kariya daga jinin uwa tun yana ciki, amma mahaifar saniya ba ta bari wannan kariyar ta wuce. Haka yake faɗowa duniya fanko, duk garkuwar da zai yi yaƙi da cuta a makonnin farko a cikin dakashi take. Kuma hanjinsa ba ya jira. A awoyin farko a buɗe yake, yana zuƙe garkuwar kai tsaye zuwa jini, daga nan ya dinga rufewa, kafin awa 24 ƙofa ta kulle. Dakashin da ka ba shi washegari abinci ne mai kyau, amma ba rigakafi ba ne kuma. Ƙa'idar ita ce kamar kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, da wuri iya wuri, a cikin awa biyu zuwa shida na farko. Ruwa-biyu mai kilo 30 lita 3 ke nan. Kaurin da yaronka ke tsoro shi ne maganin. Kuma ka lura, nasa maruƙan ai ba ya auna musu rabin lita, suna tashi suke kama nono su sha iya cikinsu.

Sai siminti. Ƙaramin maraƙi yana kwana yana wuni a kwance, wajen awa 17 zuwa 18 a rana. Ka wanke daɓe da safe a damina, ka bar shi ya kwanta a jiƙe da ɗanyar cibiya, ka ga hanya biyu ka buɗe wa cuta. Ga gwaji mai sauƙi: ka durƙusa da gwiwarka a inda yake kwanciya ka ɗan jima. In ka tashi wandonka ya jiƙe, wurin bai dace ba.

Hajiya Mai Kindirmo (Bukuru): Dakta ya gama magana a kan dakashi. Amma ni ba zan bari a zagi ɗakin kaɗaici haka kawai ba. Shekarata 11 da Firizan a nan Filato, kuma da ware kowane maraƙi na tsira. A shekarun farko da nake haɗa su wuri ɗaya, zawo na kama ɗaya sai ya bi su kaf kamar wutar daji. In kowa na ɗakinsa, da safe kallo ɗaya zan yi na san wanda bai shanye madararsa ba, na san kashin wane ne ya canja. In suna tare, babba ya ture ƙarami ya shanye rabonsa, ga tsotsar cibiya da kunne. Akwai karsanar da na yi asarar nono ɗaya nata, saboda tun tana ƙarama 'yar'uwarta ke tsotsar hantsarta, da ta haihu ɓangaren ya mutu. Ɗan Ardo, Firizan ba Bunaji ba ce, kada ka auna su da mudu ɗaya.

Ɗan Ardo: Hajiya ranki ya daɗe, ni ban taɓa ganin maraƙin ruga yana tsotsar cibiyar ɗan'uwansa ba. Ki tambayi kanki me ya sa.

Ɗalibi a Holan: Salam. Ina karatun kiwo a nan, kuma ina zuwa gonaki aikin koyo, bari na sa baki. Alhaji, bidiyon da ka kalla ya nuna maka rabin labari ne. Gaskiya ne har yanzu da yawa a nan suna sa jarirai a ɗan ɗakin roba kowa shi kaɗai, amma na 'yan makonni ne. Dokar Tarayyar Turai ta 2008 ta hana a bar maraƙi shi kaɗai bayan ya wuce sati 8, sai dai in likita ya ce a ware shi don rashin lafiya. Kuma ko a cikin sati takwas ɗin, dokar ta ce bangon ɗakin ya zama mai ɓuli, ta yadda zai ga ɗan'uwansa ya kuma taɓa shi. Wato bangon bulo irin naka ko a nan laifi ne. Dokar dai ita ce ta ce a ba shi dakashi cikin awa 6 na farko. A 2023 hukumar Turai mai kula da lafiyar abinci ta ba da shawarar a dinga haɗa su ƙananan rukuni, daga 2 zuwa 7, tun a farkon rayuwa, a kuma bar su da uwa aƙalla kwana ɗaya. Kanada ma ta sa a ƙa'idojinta cewa daga 2031 dole a haɗa masu lafiya bibbiyu ko fiye kafin su wuce sati 4. Abin dariya, su suna fitowa daga ɗakin, mu kuma yanzu muke cire takalmi za mu shiga.

Game da wadda ta maƙale a lungu, an yi bincike a kan wannan sosai a Jami'ar Biritish Kolombiya ta Kanada. Sun raini wasu bibbiyu, wasu ɗaiɗai. Da aka yaye su aka zuba su cikin garke, masu aboki cikin 'yan awoyi suka gano wurin abinci suka fara ci, 'yan kaɗaici kuwa sai da suka kai kusan kwana biyu. Daidai abin da taka ta yi. Kuma masu aboki ba su kai su kuka ba lokacin yaye. Akwai wani gwajin da ya fi ba ni mamaki: an koya musu cewa launi kaza shi ne alamar madara, launi kaza babu komai. Duk suka koya. Sai aka juya launukan. Waɗanda suka taso da aboki suka gane an canja wasa suka bi sabon, 'yan kaɗaici suka daɗe suna komawa tsohon. Kaɗaici ba jiki kawai yake taɓawa ba, har kai.

Hajiya Mai Kindirmo (Bukuru): Ɗana, Kanada daban, Bukuru daban. Su suna da likita a bakin ƙofa da ruwan famfo mai zafi.

Ɗalibi a Holan: Haka ne Mama. Shi ya sa ban ce a zuba 15 wuri ɗaya ba. Babban taro shi ke kawo tari da zawo, a kan wannan kina da gaskiya ɗari bisa ɗari. Biyu nake cewa, sa'annin juna, masu lafiya. Mutum ɗaya zai iya lura da biyu kamar yadda yake lura da ɗaya.

Baban Khalifa: Ni tambayata ta kuɗi ce. Kowa na cewa a ƙara madara, a ƙara madara. Madarar nan ita ce kasuwar. In maraƙi ya sha lita 6 kullum wata biyu, me ya rage wa mai gona? Jin daɗin maraƙi ba ya biyan kuɗin dusa.

Dakta Samaru: Baban Khalifa, tambayi Alhaji nawa ne kuɗin maraƙa biyu ruwa-biyu da ya binne, da kuɗin allurar bayin da aka yi wa iyayensu, da wata tara na jira. Sai ka cire kuɗin lita biyun da ya yi tsimi.

Tsarin lita 4 a rana tsoho ne, an yi shi ne don a tilasta wa maraƙi cin dusa da wuri. Amma a sati biyu zuwa uku na farko babban tumbinsa bai fara aiki ba, ko ka tula masa dusa ba za ta amfane shi ba, madara kawai ke riƙe shi. In aka bar ɗan Firizan ya sha son ransa yana iya shan lita 8 zuwa 10 a rana. Ka ga mai lita 4 da yunwa yake kwana. Rabin kukan da Alhaji ke ji na yunwa ne, rabi na kewa.

Tsotsar ƙarfe kuma, ga yadda take. A wurin uwa, maraƙi yakan kama nono sau da yawa a rana, kowane kamu ya ɗauki mintuna yana ja a hankali. A bokiti kuwa lita biyu a minti ɗaya ya zuƙe. Ciki ya samu wani abu, baki bai samu ba. Ɗanɗanon madara shi ke tayar da sha'awar tsotso, kuma takan ɗauki kamar minti 10 zuwa 15 kafin ta kwanta. A wannan lokacin duk abin da ya samu zai kama: ƙarfe, igiya, kunnen ɗan'uwa, cibiya, hantsa. Wannan ita ce amsar tambayar Ɗan Ardo, kuma ita ce matsalar karsanar Hajiya. Ba haɗa su ne laifin ba, bokitin ne da ƙarancin madarar. A samo kan nono na roba mai ƙaramin ɓuli a maƙala a jikin bokiti, kowa da nasa, a bar musu shi bayan madarar ta ƙare su yi ta ja har su gaji. Murɗa harshe kuma ya fi yawa ga wanda ba shi da abin tauna. A rataya masa 'yar harawa mai laushi.

Ruwa dole ne Alhaji. Madara in ya tsotsa, akwai wata 'yar hanya da ke zarcewa da ita ciki na huɗu, ba ta sauka a babban tumbi. Ruwan da ya sha da kansa shi ke sauka can, kuma da shi da ɗan abincin hatsi tumbin ke fara girki. Ba ruwa, ba zai ci dusa sosai ba, ba dusa, yaye zai zo masa da wahala.

Mai Magani Original: Assalamu alaikum, akwai maganin zawon maruƙa sha yanzu magani yanzu, da na ƙiba, ana turawa kowace jiha, a yi min magana ta akwati

Sarkin Zaure: Malam, ranar Juma'a ce ranar talla. Na goge. In ka sake zan cire ka.

Ɗan Ardo: Kun ga duk wannan dogon turancin, ƙarshensa dai ruga aka dawo. A bar ɗa da uwarsa, a huta da robar tsotso. Kuma Alhaji, ruwa-biyun naka da jinin Bunaji ya fi yawa, ina tabbatar maka suna ɓoye maka nono. Saniyarmu ba ta sakin nono sai ta ji bakin ɗanta. Shi ya sa in maraƙi ya mutu, tsofaffi kan feɗe fatar su cusa ciyawa su barbaɗa gishiri, a ajiye mata tana lasa ana tatsa.

Alhaji Mai Gona (Kura): Wallahi akwai biyu da tun da aka ɗauke 'ya'yansu madararsu ta yi ƙasa, ɗaya har ta kusa ƙafewa. Na ɗauka abinci ne.

Dakta Samaru: A nan Ɗan Ardo ya fi ni hujja. Shanu masu tozo, Bunaji, Rahaji, Bokolo, yawancinsu sai ɗan ya taɓa hantsa jikinsu ke sakin abin da ke saukar da nono. Firizan an daɗe ana zaɓar waɗanda ke sakin nono ba ɗa, shi ya sa Hajiya ba ta da wannan damuwar. Ruwa-biyu kuwa kowace da halinta. Waɗannan biyun, da ni ne, zan dinga kawo ɗan ya fara, a tatsa, sannan a bar masa nono ɗaya cikakke ko a sake shi ya ƙarasa na rabin awa. Har ciwon hantsa yakan ragu, don maraƙi ya fi hannu iya ƙwalƙwale nono.

Amma Ɗan Ardo, kada mu yi wa dangwali kwalliyar da ba tasa ba. Na shiga rugage da yawa a watan Agusta na tarar da maruƙa a ɗaure cikin caɓi har gwiwa, wuri ɗaya wata guda ba a matsa igiyar ba, ƙuda ya baibaye cibiya. Igiyar wani ba ta kai ya juya ya lashi bayansa ba. Da rani kuma, lokacin da nono ya yi tsada saniya ta rame, wa ake fara ragewa? Ƙwarya ta cika, maraƙi ya samu abin da ya rage. Nawa ne ke mutuwa kafin ruwa ya sauka, a ce wai ƙaddara? Ga tsutsar ciki irin wadda ke bin nonon uwa ta shiga ɗan, ka gan shi da ƙaton ciki da gashi a tsaye, alhali maganin tsutsa a tsakanin kwana 10 zuwa 16 da haihuwa zai raba shi da ita. Ruga ta samu abu biyu daidai, uwa da aboki. Busasshen makwanci da cikakken rabo, wannan sai gidan da aka dace.

Ɗan Ardo: Maganar caɓi gaskiya ce, ba zan musa ba. Amma ta ƙwarya, Dakta, ka je ka faɗa wa inna da bakinka, ni ba ruwana. Da kuɗin nonon nan ake sayen hatsi.

Malam Na Masallaci: In ƙara da abu ɗaya. Malaman fiƙihu sun yi maganar nan tun da daɗewa: bai halatta mai dabba ya tatse abin da zai cutar da ɗanta ba, abin da ya yi saura bayan ɗan ya ƙoshi shi ne naka. Har yanke farce kafin tatsa sun ambata don kada a ji wa hantsa ciwo. Baban Khalifa, wannan lissafin ma a sa shi cikin littafin.

Baban Khalifa: Malam na karɓa. Amma a nan gara mu ma, namiji ko mace duk kuɗi ne. Ɗan maraƙi namiji in ka riƙe shi, ko huɗa ko kasuwar Sallah. Na ji a Turai ɗan Firizan namiji kaya ne a wuyan mai gona.

Ɗalibi a Holan: Haka ne, yana sati biyu zuwa huɗu ake sayar da shi ga masu kiwon naman maraƙi. Su ne asalin masu ƙuntataccen akwatin da maraƙi ba ya iya juyawa a ciki. Ingila ta hana shi a 1990, sauran Turai suka bi daga baya.

Abdu na Maraɗi: Sallama gare ku 'yan'uwa. Mu nan shanun Azawak muke riƙo, irin na tashar kiwo ta Tukunus, kuma ita ma ba ta ba da nono sai da ɗiyanta a gaba. Abin da nike son in ce ma Alhaji shi ne kwanon nan. Yanzu damina ta wuce ba ka gani ba, bari watan huɗu ya zo, zafi ya haura 40, kwano gajere bisa siminti tanda ce. Ni rumfar zana na yi mai tsawo, gefe buɗe, na zuba rairayi ƙasa sannan tattaka a sama. Da hunturu sai in kare gefen gabas da arewa inda iska ke shigowa, sauran in bar shi. Kada ka rufe ruf don tsoron sanyi. In ka shiga da safe warin fitsari ya sa ka hawaye, to huhunsu shi ya kwana yana shaƙa.

Hajiya Mai Kindirmo (Bukuru): Wannan haka yake. Mu nan a Disamba da Janairu sanyin dare na sauka ƙasa da 10, jariri na rawar ɗari. Na taɓa toshe ko'ina da leda, sati bai cika ba tari ya kama huɗu. Yanzu ciyawa nake tulawa har in ya kwanta ƙafafunsa su nutse ba a gani, sama kuma iska na wucewa. Mai rauni na ɗaura masa buhu a baya.

Maman Ilham: Don Allah Dakta, ni 'yar koyo ce, guda ɗaya gare ni kuma zawo take tun jiya. Na dama mata ruwan gishiri da sukari irin na yara, na tsayar da madara. Daidai ne?

Dakta Samaru: Maman Ilham, abu biyu za ki gyara yanzu. Sukarin shayi ƙaramin maraƙi ba ya iya narkar da shi, zai ma ƙara tsinka cikin. Ki nemi gulukos, ko garin da ake sayarwa na maruƙa a shagon maganin dabbobi. Na biyu, kada ki tsayar da madara. Ruwan gishirin ƙishi yake kashewa, ba ya ciyarwa. Ki ba ta madararta a kan lokaci, ruwan kuma a tsakani. Ki ja fatar wuyanta ki saki, in ta tsaya ba ta koma da sauri ba, ko idon ya faɗa, ko ta daina tsotsar yatsanki, wannan ya wuce gida, ƙarin ruwa take buƙata ta jijiya, ki kira likita yau. Kuma ki wanke hannu da sabulu bayan kin taɓa ta, wasu ƙwayoyin zawon maruƙa suna kama yara.

Maman Ilham: Na gode Dakta, Allah ya saka. Tana tsotsa har yanzu.

Baban Khalifa: Tun da an taru, maganar cire ƙaho fa? Wani ya ce min a shafa maganin nan mai ƙuna.

Hajiya Mai Kindirmo (Bukuru): In za ka haɗa su bibbiyu ka yi hankali da shi. Ɗaya zai goga wa ɗaya a fuska, ko ya shafa wa uwa a hantsa, in ruwan sama ya taɓa kuma ya gangara ido. Ni ƙarfe mai zafi nake sa a yi, kafin su kai wata biyu, tun tsiron bai manne da ƙashin kai ba, kuma sai an yi allurar kashe zafi. Na ga yadda suke yi in ba allura, kwana biyu suna girgiza kai ba sa cin abinci. Ban ƙara yarda ba.

Ɗan Ardo: Saniya ba ƙaho ai jaka ce 😄

Hajiya Mai Kindirmo (Bukuru): Ranar da mai ƙaho ta farke maka hantsar mai lita 20 a cikin rumfa, ka dawo mu yi magana.

Alhaji Mai Gona (Kura): Jama'a na gode, jikina ya yi sanyi. Dakta, a taƙaice rushe ginin zan yi?

Dakta Samaru: A'a Alhaji, kada ka yi asara biyu. Fasa bangon da ke tsakanin ɗaki biyu ya zama ɗaya, ka haɗa waɗanda tazararsu ba ta wuce sati biyu ba. Na biyar ɗin ka haɗa shi da biyun da suka fi kusa da shi, kada a bar shi shi kaɗai. Ɗaki ɗaya ka bar shi na jinya, nesa da sauran. Buntun shinkafa ai a Kura kuke zubar da shi, a zuba da kauri, ciyawa a sama, a dinga kwashe jiƙaƙƙen kullum maimakon wanka da ruwa. In rukuni ya fita, a wanke a bar ɗakin ya sha rana kwanaki kafin wasu su shiga. Da rana a sake su fili su yi tsalle. Maraƙin da ke guje-guje yana harba ƙafa, ya ƙoshi ne kuma ba abin da ke masa ciwo, in ka ga wasa ya ɗauke a garke ka bincika. Yaye kuma kada ka yi da kalanda. Sai ka ga yana cinye kamar kilo 1 na abincinsa kwana uku a jere, sannan ka dinga rage madarar kaɗan-kaɗan cikin sati ɗaya zuwa biyu. Kada ka haɗa masa yaye da canjin ɗaki da cire ƙaho a rana ɗaya.

Hajiya Mai Kindirmo (Bukuru): Ni dai kwana goman farko kowa na ɗakinsa, ba na fasawa. Bayan nan zan gwada bibbiyun a haihuwar Nuwamba, da robar tsotson. In na ga tsotsar hantsa, Ɗalibi, kai zan nema.

Ɗalibi a Holan: Na yarda Mama 🙏 Amma a sa raga tsakani ba bulo ba.

Alhaji Mai Gona (Kura): Salam. Yau kwana 19 da maganarmu, na ce bari na kawo rahoto. An fasa bango, an zuba buntu, madara ta koma lita 6 a rana, ana raba ta sau uku, ga ruwa ga harawa. Kukan dare ya ragu sosai, har maigadi ya ce yanzu yana barci, na ce ai ba don barci na ɗauke ka ba. Ranar farko da aka haɗa su tsoron juna suka dinga yi, kowa ya kama kusurwarsa, kwana na uku na tarar da su kwance kai bisa wuya. Tsotsar ƙarfe ta tafi sai jifa-jifa. Mai murɗa harshen dai har yanzu tana yi, ko da yake ba kamar da ba. Saniya ɗaya cikin biyun nan ta karɓi ɗanta madara ta ɗan dawo, ɗayar kuwa harbinsa take, ta manta shi. Matsala ɗaya: robar tsotso guda biyar na saya, sun tauna uku sun yage.

Dakta Samaru: Madalla. Mai harshen ta riga ta saba, irin wannan ɗabi'ar in ta kama ba ta saurin saki, ka dai ci gaba da harawar. Robar da ta yage ka cire, in ɓulin ya yi faɗi madara na kwarara suna iya shaƙewa.

Maman Ilham: Alhaji a ina ka samu robar? Na zaga shaguna uku a Zariya, sai ta jarirai suke nuna min.

Alhaji Mai Gona (Kura): A Kano na samu, wajen masu kayan kaji. Ranar Laraba zan shiga sayo wasu, faɗa min guda nawa kike so na ba direba ya sauke miki a Kwangila.